Gatarin Aradu, Ko Gatarin Mutane?

Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu. Gaskiya ne, amma akwai duhun da ya fi wannan, shi ne mutum ya zaci ya san abu alhali kuwa ji kawai ya yi a bakin mutane. Wanda ya san bai sani ba ya kan tambaya. Wanda ya ɗauki zato ya mai da shi sani kuwa, ba shi da sauran tambaya, sai yanke hukunci. Wani ɗan dutse, wanda bai cika tafin hannu ba, ya isa ya nuna haka.

Ƙasar Zuru tana kudu maso gabashin Jihar Kebbi, ƙasa ce ta duwatsu da manoma. A cikinta akwai Dakarkari, waɗanda ke kiran kansu Lelna, da Dukkawa da Kambari da Fakkawa da waɗansu. Cikin al'adun Dakarkari na gado akwai golmo, watau saurayi ya yi shekaru yana noma a gonar surukinsa kafin a ba shi mata.

An ba da labarin wani manomi a wani ƙauye na wannan ƙasa, wanda ya yi rikicin iyakar gona da maƙwabcinsa. Da aka je gaban dattawa, sai ya rantse da aradu cewa ɗorawar da ke kan iyaka tasa ce, aka bar masa. Da damina ta yi tsaka, ran nan da dare aka yi tsawa, aradu ta faɗa wa ɗorawar nan ta tsaga ta biyu. Gari na wayewa mutane suka taru, samari suka tona gindinta, sai ga wani baƙin dutse mai santsi, gefe guda da faɗi da kaifi, gefe guda tsukakke. Wani ya ce, "Gatarin aradu!" Kafin azahar magana ta game gari cewa manomin nan ya yi rantsuwar ƙarya, ga shaida ta sauko daga sama. Ɗansa kuwa yana cikin shekararsa ta ƙarshe ta golmo. Uban yarinya ya aiko ya ce ba zai ba da 'yarsa gidan da aradu ta nuna ba.

Mai gari mutum ne mai natsuwa. Ya sa aka kira wani tsohon maƙeri, ya miƙa masa dutsen ya ce, "Baba, kai ka san kayan aiki. Mene ne wannan?" Maƙeri ya juya shi, ya sake juyawa, ya shafa bakinsa da babban yatsa, ya ɗaga shi wajen haske. Sa'an nan ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan an wasa shi, kuma hannu ne ya wasa shi. Dubi bakin, an ci gefen nan an ci gefen can daidai wa daida. Ga 'yan zane-zane duk sun bi hanya ɗaya, kamar na wuƙar da aka goga a mawashi. Ga kuma 'yan giɓi irin na gatarin da ya sha sara. Bayan nan da aka tsuke, wurin shiga ƙota ne." Ya nemi ice, ya fafe rami, ya cusa dutsen ya ɗaure da jijiya, ya sari reshen ɗorawar. Sannu a hankali reshe ya faɗi. Aka tambaye shi wanda ya yi dutsen, da zamanin da aka yi shi. Ya ce, "Wannan kam ban sani ba. Abin da na gani shi na faɗa."

To, a nan tambaya ta ke. In an tsinci wani abu na dā, wanda ya yi shi ya mutu, wanda ya yi aiki da shi ya mutu, ta wace hanya a ke gane abin da aka yi shi dominsa?

Hanya ta farko ita ce wadda maƙeri ya bi, watau a tambayi abin da kansa. Kowane kayan aiki yana ɗauke da tabon aikinsa. Ƙotar fartanya ta kan yi sulɓi daidai inda hannu ke riƙo, dutsen niƙa ya kan lotsa a tsakiya, bakin rijiya ya kan yi gurbin igiya. Dutsen da ruwan rafi ya goge ya kan zama mulmulalle ko'ina, gama ruwa dakushe dutse ya ke yi, ba ya yi masa kaifi. Saboda haka duk dutsen da aka ga yana da baki ɗaya mai kaifi, miƙaƙƙe, an san da niyya aka yi shi.

Hanya ta biyu ita ce a tambayi masu abu, in suna da rai. Akwai abin da tabo ba ya faɗi. Matan Dakarkari masu ginin tukwane sun shahara da gina waɗansu siffofi na yumɓu da a kan ɗora bisa kaburburan manyan mutane, kamar shahararrun maharba da 'yan kokawa. Baƙon da ya ga irin wannan zai iya cewa abin wasan yara ne, ko wata irin tukunya ce da ba ta riƙe ruwa. Ko ya kwana yana dubawa ba zai gane ba, sai ya zauna gaban tsofaffin gari. Matambayi ba ya ɓata.

Hanya ta uku ita ce gwada abu da ɗan'uwansa. Ba a ƙasar Hausa kaɗai aka jingina dutsen nan ga aradu ba. Yarbawa sun ce makamin Shango ne. Turawa ma sun yi ɗaruruwan shekaru suna cewa tsawa ke jefo shi, har suna sa shi a rufin ɗaki don tsari. Wani likita a birnin Rum, Mercati, wanda ya rasu a 1593, ya rubuta cewa mutanen dā ne suka yi irin waɗannan duwatsu kafin su san ƙarfe, amma ba a buga littafinsa ba sai 1717. A 1723 wani masani a Faransa, Jussieu, ya jera su kusa da gaturan dutse waɗanda matafiya suka kawo daga Amurka, inda aka tarad da mutane suna aiki da su, aka ga kamarsu ɗaya. A nan Nijeriya kuwa masu haƙar kuza sun yi ta tono irinsu a ƙasar Nok, tare da kawunan yumɓu, irin waɗanda Bernard Fagg ya tattara har aka buɗe gidan kayan tarihi na Jos a 1952. An kuma gano matoyar tama a Taruga, wadda ta wuce shekara 2,000. Watau mutanen ƙasar nan sun daɗe da sanin ƙarfe, amma kafin ƙarfe ya wadata da irin gatarin nan aka sare daji aka yi gona.

Me ya sa a ke samunsa bayan tsawa? Dalili a fili ya ke. Ruwan sama mai ƙarfi ya kan wanke ƙasa ya tone abin da ke binne, kuma gindin itacen da aradu ta faɗa wa ne kaɗai mutane ke tonawa suna nema. Ita aradu kuwa wuta ce irin ta lantarki, kamar yadda Benjamin Franklin ya nuna a Amurka a 1752. Ta fi faɗa wa abu mai tsawo, zafinta ya mai da ruwan jikin itace tururi farat ɗaya, itace ya fashe. Ba ta bukatar gatari.

Amma kada wanda ya koyi karatu ya ce ashe tsofaffi wawaye ne. Sun ga itace a tsage, sun ga abu mai kama da gatari a gindinsa, sun ce gatari ne, kuma a nan sun yi daidai. Wajen mai gatarin ne suka kuskure. Har wa yau, dutse ya kan faɗo daga sama da gaske. Ran 3 ga Oktoba, 1962, wani dutse mai nauyin kilo 18 ya faɗo kusa da wani manomi a Zagami, cikin ƙasar Katsina, daga baya masana suka tabbatar daga tauraron nan Mirrihu ya fito. Sai dai irin wannan dutse ya kan zo da ƙonanniyar fata, ba shi da baki ba shi da wurin ƙota. Wanda ya musa kome don tsoho ne ya faɗa, da wanda ya yarda da kome don tsoho ne ya faɗa, duk jirgi ɗaya ya kwaso su, gama ba wanda ya duba a cikinsu.

Wani zai ce, mene ne laifi in an ba abu sabon aiki? Ba laifi. Fasasshen kwano ya kan zama na ba kaji ruwa, tsohuwar garma ta koma maƙera ta fito wuƙa. In mai ginin tukwane ta ɗauki dutsen nan tana goge tukunya da shi, ba ta cuci kowa ba. Laifin yana wurin mai da shi mashaidi a kan abin da bai gani ba. Dutsen nan yana iya shaidar cewa wani ya zauna kwana da kwanaki yana goga shi don ya ci da iyalinsa. Ba ya iya shaidar wa ke da ɗorawa. Wanda ya sa shi faɗin haka ya ci mutuncin rayayye, ya kuma hana wa matacce ladan guminsa. Shi ya sa a ke cewa zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya.

Abin koyi ga maƙerin nan biyu ne. Ya duba kafin ya yi magana, ya kuma tsaya inda saninsa ya tsaya. Mai gari ya ce maganar iyaka, in akwai mai sauran ƙara, a kawo shaidu masu baki. Bayan kaka aka kai amarya.

Wanda ya tsinci irin wannan dutse a gonarsa, ya lura da wurin da ya same shi, ya adana shi, ya nuna wa ma'aikatan kayan tarihi. Tun 1953 doka ta hana fitar da kayan tarihi daga Nijeriya ba da izini ba. Dutsen gadon jama'a ne, kayan aikin wani manomi da ya riga kowa shiga gonar. Allah ya ba da ikon dubawa kafin yanke hukunci, amin.