Maganin Tsofaffi Amana Ne

 Duk wanda ya leƙa Asibitin Koyarwa na Barau Dikko ko babban asibitin Kawo da safe zai ga dattawa a zaune, galibinsu da hawan jini, ko ciwon sukari, ko sanyin ƙashi. Sau da yawa tsoho ɗaya yakan haɗa cututtukan nan uku, ga maganin likita, ga na kemis, ga jiƙon da maƙwabci ya aiko.

Jikin tsoho ba irin na saurayi ba ne. Ƙoda da hanta sun rage ƙarfi, magani yakan daɗe a jiki kafin ya fita. A 1991 wani likitan Amurka, Mark Beers, ya tsara jerin magungunan da ya kamata a guje wa bai wa tsofaffi. A cikin jerin na yanzu akwai Valium, mai kawo jiri da faɗuwa har a karye a ƙugu, da Piriton, mai rikita tunani da riƙe fitsari. Akwai diclofenac, mai ɓata ƙoda da jawo zubar jini a ciki in an daɗe ana sha. Daonil kuwa yakan sauke sukari ƙasa ƙwarai, balle ga mai azumi. Abin takaici, in tsoho ya rikice sai a ce ruɗewar tsufa ce, a ƙara masa wata ƙwaya.

Shari'a ba ta ɗauki wannan da wasa ba. Abu Dawuda ya ruwaito hadisin da ya ɗora lamuni a kan mai yin magani ba da sani ba, Ibn Rushd kuma ya kawo a Bidayatul Mujtahid cewa kuskuren likita yana wajabta diyya. Ibnul Ƙayyim ya nuna ba a zuwa ga magani matuƙar abinci zai wadatar, ba a kuma haɗa da yawa in ɗaya ya isa.

'Ya'ya ma suna da nasu nauyin, domin Suratul Isra'i ta ambaci lokacin tsufan iyaye musamman. Ranar ganin likita su tattara duk abin da tsohon yake sha, har da na gargajiya, su ajiye a gabansa, su tambayi amfanin kowanne. Kada kuma su tsayar da wani da kansu, domin yanke maganin hawan jini farat ɗaya yana da nasa haɗarin.