Jinin da za a zubar ma yana da haƙƙi a kanmu?

Duk shekara idan Babbar Sallah ta rage wata biyu ko uku, lungunan Sabo sukan cika da kukan raguna. Motoci na sauke dabbobi daga Arewa a karar Akinyele, mu kuma muna sayen masu ɗan sauƙin kuɗi mu ɗaure a ƙofar gida, wani don layyarsa, wani don ya turka ya sayar. A nan Ibadan babu makiyaya a bayan gida, babu karan dawa a gona, harawa kuwa sai an ɗauko ta daga nesa, kuɗin mota ya hau kanta. Don haka abin da ya sawwaƙa shi muke zubawa a kwano: ɓawon rogo daga masu yin gari, ragowar kayan miya da albasa daga kasuwa, dusa, angurya, da garin ganye iri-iri da ake cewa yana "ƙara jini".

Idan aka tayar da zancen ko wannan abinci yana cutar da jinin dabba, akwai amsar da muke yawan ji a majalisa bayan Magariba: "Haba malam, jinin da za a zubar a ƙasa ranar Sallah? Nama muke so, ba jini ba." Maganar tana ba da dariya, kuma tana da ɗan nauyi, don gaskiya ne ba ma cin jini, gaskiya ne kuma ragon nan kwanansa a ƙirge yake. Amma mun zauna mun juya ta, muka ga ba ta tsaya da ƙafarta ba.

Jinin nan kafin a zubar da shi aiki yake yi. Jajayen ƙwayoyinsa ne ke ɗaukar iskar oksijin daga huhu zuwa kowace gaɓa, kuma jiki ba ya iya ƙera su sai da furotin, da sinadarin ƙarfe, da ɗan tagulla, da bitamin B12 wanda ƙananan halittun da ke cikin tumbi ke haɗawa. Idan jini ya yi ƙaranci, dabba takan yi haki ko da tafiya kaɗan ta yi, ta rage cin abinci, ta yawaita kwanciya. Ka ga ke nan naman da muke cewa shi muke so, jinin ne ke gina shi. Kuma a duk kwanakin da jinin ke raguwa, dabbar tana ji a jikinta, ba ta dai da bakin faɗa.

To me ke cikin kwanon? Ɗanyen ɓawon rogo, musamman na rogo mai ɗaci, yana sakin gubar sayanaid. Gubar tana hana jiki amfani da iskar da jini ya kawo masa, sai dabba ta riƙa neman numfashi alhali jininta ja wur yake. Irin wannan gubar ce ke cikin gyauron dawa, wanda makiyaya a gida suka daɗe da sanin cewa yana kayar da saniya. Shanya ɓawon a rana har ya bushe ƙayau yana rage gubar sosai, shi ya sa masana a cibiyoyin binciken noma da ke nan Ibadan suka ɓullo da hanyar niƙa shi, a matse, a busar, ya zama abincin dabbobi. Albasa kuwa, idan ta yi yawa, sinadaran da ke cikinta suna fasa jajayen ƙwayoyin jini, har fitsari ya koma ja ko baƙi-baƙi. Shanu sun fi saurin kamuwa, tumaki da awaki sun fi juriya, amma juriya tana da iyaka. Angurya tana da furotin mai kyau, sai dai tana ɗauke da wani sinadari, gosifol, wanda babban sa ko babban rago ke iya shanyewa a tumbinsa idan bai wuce kima ba, amma yana illata ɗan maraƙi da ɗan tunkiya da kaji. Tunkuza da masarar da suka yi fumfuna kuma suna iya ɗaukar gubar afalatoksin mai cin hanta. A 1960 ta kashe talotalo kusan 100,000 a Ingila ta cikin garin gyaɗar da aka ba su, daga nan ne ma aka gano ta. A damshin wannan ƙasa ta Kudu, buhun tunkuza ba ya daɗewa bai yi fumfuna ba.

Duk waɗannan fa tsirrai ne. Muna faɗin haka ne saboda wata al'ada da ta shige mu, da zarar an ce abu "na ganye ne" sai hankali ya kwanta, kamar ganye ba ya cutarwa. Ganye yana amfani ƙwarai. Zogale na da furotin da ƙarfe, harawar wake da ta gyaɗa kuwa kakanninmu ba su yi kuskure ba da suka riƙe su. Amma garin da aka ƙulla a leda, ba a san me ke ciki ba, ba a san awonsa ba, ba zai zama alheri don kawai kore ne ba. Sau da yawa ma abin da ke shanye jinin rago ba a kwano yake ba, a ciki yake. Akwai wata siririyar tsutsa da ke maƙalewa a cikin tumaki da awaki tana tsotsar jini, kuma ta fi ƙarfi a wuri mai ruwan sama irin namu. Guda 1,000 na iya shan kusan mililita 50 a rana. Ragon da ke fama da ita, ko buhun zogale ka ba shi, kamar zuba ruwa ne a tulu mai huji. Alamarta ita ce kumburi a ƙarƙashin haɓa, wanda wasunmu ma ke ɗauka ƙiba ce.

Yanzu mu koma kan tambayar. Akuyar da ke yawo a daji tana zaɓe. Ta ɗanɗana wannan ganye, ta bar wancan, ta ci kaɗan nan kaɗan can, ta haka take kauce wa guba da yawa. Ranar da muka sa mata igiya muka ɗaure a turke, mun ƙwace mata wannan zaɓin. Ba ta da abin ci sai abin da hannunmu ya miƙa, kuma yunwa za ta sa ta ci ko da zai cutar da ita. Wanda ya karɓe wa wani zaɓinsa, nauyin zaɓin ya dawo wuyansa, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Cewa za a yanka dabbar bai sauke wannan nauyi ba. An halatta mana yanka, amma an hore mu da mu wasa wuƙa don kada dabba ta wahala na ɗan lokaci kaɗan. Wanda aka hana shi wahalar da ita na daƙiƙoƙi, ta yaya zai ce an yafe masa wahalar da ita na wata biyu?

Akwai kuma haƙƙin mai saye. Ƙarancin jini aibi ne da ke ɓuya. Rago zai iya tsayawa da ƙaho da gashi da tumbi a cike, mai saye ya shafa bayansa ya biya, kwana uku ya kwanta. Malamanmu sun karantar da mu cewa dabba mai bayyanannen ciwo ko matsananciyar rama ba ta isar wa layya. Idan mun san ragon yana haki, fitsarinsa ya sauya, muka cika masa ciki da ruwa da gishiri muka kai kasuwa, mun sayar wa mutum shakka a cikin ibadarsa. Kuma mu tuna inda muke zaune. Da yawa daga masu sayen nan maƙwabtanmu ne Yarbawa, waɗanda suka yarda cewa Bahaushe ya san dabba. Wannan yardar jari ce da iyayenmu suka tara tun kafa Sabo. Mutum ɗaya ya yi algus, sunan unguwa gaba ɗaya ake kira.

Mun san za a ce talauci ne, kuma ba mu raina wannan uzuri ba. Mai rago biyu da ke neman kuɗin makarantar yara ba zai iya ciyar da su harawa zalla ba. Babu wanda ya ce a daina ba da ɓawon rogo ko angurya. Amma shanya ɓawo a rana ba ya cin ko sisi, sai haƙuri. Zubar da tunkuzar da ta yi fumfuna asara ce ƙarama idan aka gwada da mushen rago. Gauraya abinci, da shigar da sabon abu kaɗan-kaɗan, da ajiye ruwa mai tsabta, duk ba su fi ƙarfin kowa ba. Sannan akwai dubawar da ba ta buƙatar na'ura: ka ja fatar idon rago ta ƙasa a cikin haske. Idan ja ce, madalla. Idan ta yi fari-fari, jini ya yi ƙasa. A Afirka ta Kudu aka mayar da wannan dubawa kati mai mataki 5 da ake kira FAMACHA, makiyaya a ƙasashe da yawa suna aiki da shi. Idan ka ga fari, likitan dabbobi za ka nema, ya gano tsutsa ce, ko sammore, ko abinci, kafin ka ƙara sayen wani ƙullin gari.

Mun yarda jinin zai zuba a ƙasa ranar Sallah. Amma daga yau zuwa ranar, a jikin wata halitta yake gudana, halittar da ke ɗaure a ƙofar gidanmu tana jiran abin da za mu kawo mata. Kafin mu tafi kasuwa gobe da safe, mu leƙa kwanon, mu kuma duba idon ragon. Allah ya sa mu ga Sallah lafiya, ya ba mu ikon sauke amanar abin da muka ɗaure.