Wa Zai Ji Kukan 'Yar Fari?

Shekarar da ɗiyar yayana ta faɗi jarrabawar BEPC a Maraɗi, ba wanda ya ɗaga mata hannu. Mahaifinta dai ya ce a gaban ƙannenta, "Duk kuɗin da na zuba a kanki sun tafi a banza." Ƙawayenta da suka ci suka buɗe sabon zaure a WhatsApp ba da ita ba. Bayan mako biyu, tana wanke-wanke, na ji ta ce a hankali, "Da ma babu ni, da kowa ya huta." Na ce, "A'uzubillahi! Kar na ƙara jin wannan a bakinki, haramun ne." Ta yi shiru. Na wuce, ina ganin na sauke nauyi.

Gaskiya na faɗa, amma na kyauta kuwa? Wannan tambayar ce ke damuna har yau.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutane fiye da 700,000 ne ke kashe kansu duk shekara, kuma hakan na cikin manyan abubuwan da ke ajalin 'yan shekara 15 zuwa 29. Wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Thomas Joiner, ya nuna a littafinsa na 2005 cewa abu biyu ne ke haɗuwa su haifar da wannan tunani: mutum ya ji ba shi da kowa, ya kuma ji ya zame wa nasa kaya. Na farkon ƙawaye suka ɗora wa yarinyar nan, na biyun a gida ta same shi. Ni kuma da ta buɗe mini ƙofa, sai na rufe da wa'azi.

Gidajenmu cike suke da mutane, amma yawan jama'a ba shi ne samun mai saurare ba. Ita 'yar fari ce, kunya ta hana uwarta ko kiran sunanta, balle ta zaunar da ita ta ji damuwarta. Ba na zagin kunya, ado ce. Sai dai adon da zai hana uwa ganin ɗiyarta na nutsewa, ya kamata a san lokacin tuɓe shi.

Kakarta ce ta gane. Da wasan jika da kaka ta jawo ta ɗaki, sannan ta tambaye ta kai tsaye, "Ke, tunanin mutuwa kike yi?" Yarinyar ta fashe da kuka. Washegari aka kai ta wajen likita. Masana sun tabbatar cewa irin wannan tambaya ba ta cusa wa yaro tunanin, sauƙi take kawo masa.

Magana zarar bunu ce. Yayana ya nemi gafarar ɗiyarsa, abin da ban taɓa zaton zan gani ba. Ni ma na nema. Da zan koma bakin wanke-wanken nan, zama zan yi kusa da ita, in ce, "Ɗiyata, faɗa mini, ina jin ki." Nasiha ta biyo baya.