An Taɓa Buɗe Ta?

A bakin titin da ya ratsa tsakiyar Zuru akwai wani ɗan shagon gyaran kayan wuta, inda ake kai rediyo da talabijin da duk abin da ya ƙi tashi. Maigidan ya tafi Kontagora jinyar mahaifiyarsa, ya bar shagon a hannun yaronsa da kowa ke kira Ɗan'auta. Yaron ya shekara huɗu yana koyon aiki, hannunsa ya faɗa, kuma ya ƙosa ya riƙe kuɗin da ba wanda zai tambaye shi lissafinsa.

Ana nan sai wani mai gidan gem da ya samu PlayStation 4 ya kawo masa tsohuwar PlayStation 3 ɗinsa, ƙatuwar nan baƙa mai sheƙi ta farkon fitowa. In an kunna ta, koriyar fitila ta kama, ta koma rawaya, ta yi ƙara sau uku, sai ja ta hau ƙiftawa. Ɗan'auta ya ba shi Naira 10,000 suka rabu.

Duk mai gyara ya san wannan cuta. Kamfanin Sony na Japan ya fitar da PlayStation 3 a 2006, ya sayar da fiye da miliyan 87, amma na farkon sun yi ƙaurin suna wajen zafi. A cikinsu akwai ƙwaƙwalwar da ke sarrafa hoto, wadda ɗaruruwan ƙananan ɗigon dalma ke haɗa ta da sauran na'urar. Zafi ya buɗa, sanyi ya tsuke, yau da gobe har ɗigon su tsage. Yawancin waɗanda ke hannunmu kuwa gwanjo ne, sun gama ƙuruciyarsu a Turai ko Amurka kafin su sauka Legas, sannan su zo nan su haɗu da ƙurar hunturu da zafin bazara da wutar janareta. Gyaran gaskiya sai an ɗaga ƙwaƙwalwar an canza ta, da injin da ba kowane shago ke da shi ba. Sai dai akwai gajeriyar hanya: a sa bulowa a gasa wurin har tsagar ta sake kamawa. Na'urar za ta tashi garau. Wata ta yi watanni, wata ko mako biyu ba ta kaiwa, kuma mai gyaran kansa bai san ranar da za ta sake kwanciya ba.

Ɗan'auta ya gasa ta, ya kakkaɓe ƙurar fanka, ya shafa sabon man sanyaya, ya kunna wasan ƙwallo na PES. Ta yi yini guda ba gardama. Zuwa nan ban ga laifinsa ba, sana'a ce, kuma akwai mai buƙatar abu mai arha ko da na ɗan lokaci ne. Laifin ya fara ne da ya jawo durowar maigidansa ya ɗauko sabuwar sitika. Sony na liƙa wata 'yar takarda a kan kusar da ke riƙe da murfin, don a gane in an buɗe. Ya goge shaidar tsohuwar da fetur, ya liƙa sabuwa a gurbinta.

Bayan kwana biyu wani dattijo ya tsaya da babur a ƙofar shagon, ɗauke da jikansa ɗan shekara goma sha huɗu. Baba Saje ake ce masa, mutumin Dabai. Ƙasar Zuru ƙasar soja ce, da wuya ka shiga gidan Dakarkari ba ka ji an ambaci wani mai kaki ba, marigayi Sarkin Zuru Sani Sami Gomo II ma Manjo Janar ne. Baba Saje ya je Laberiya da rundunar ECOMOG a 1990 ya dawo lafiya. Ɗansa ne ya tafi arewa maso gabas bai dawo ba, ya bar masa wannan yaro. So yake ya kafa masa rumfar gem a ƙofar gida, ya riƙa samun na littafi bayan an tashi daga makaranta, maimakon yawon bakin tasha.

Yaron ya kama hannun gem, ya zaɓi Chelsea, ya manta da kowa. Dattijon kuwa bai kalli talabijin ba. Ya ɗaga na'urar ya jijjiga ta kusa da kunnensa.

"Ɗana, ni ban san kan abin nan ba. Tambaya ɗaya zan yi maka. An taɓa buɗe ta?"

Ɗan'auta ya juya gefenta ya nuna sitikar. "Baba, ku duba da idonku."

Bai rantse ba, bai ce a'a ba, kuma da wannan ya lallashi zuciyarsa a daren nan. Aka daidaita a kan Naira 50,000, rabi daga fansho, rabi kuɗin dawar da dattijon ya sayar.

Rumfa ta karɓu. Naira 100 wasa ɗaya, yara na layi tun la'asar. A mako na uku aka shiga hidimar Uhola, bikin da Dakarkari ke yi na godiya bayan an kawar da amfanin gona. Gari ya cika da baƙi, 'yan bariki sun dawo gida, yaron ya kunna na'ura tun hantsi bai kashe ba. Ana tsakiyar wasa, an zuba kuɗin mutum takwas, hoto ya daskare. Ya kashe ya kunna: rawaya, ƙara uku, ja.

Washegari da sassafe Ɗan'auta ya tarar da yaron tsugune a ƙofar shago, na'urar na cikin jakar bakko. Ya miƙo Naira 4,000 a nannaɗe.

"Yaya, don Allah ka gyara mini. Ni na kashe ta. Ban bar ta ta huta ba, kuma man janareta ya ƙare sau ɗaya tana kunne. Tantabaruna na sayar. Baba ya karɓe makullin rumfa, tun jiya bai yi mini magana ba."

Aikin minti ashirin ne. In ya ga dama, sai ya sake gasa ta, ya karɓi kuɗin tantabaru, yaro ya tafi yana godiya. In ta sake mutuwa, an riga an san mai laifi.

Malaman fiƙihu sun daɗe da yanke cewa mai saye na da damar mayar da haja in ya gano aibin da aka ɓoye masa, kuma a coci ma ana wa'azi a kan mudu da sikeli. Amma mu 'yan kasuwa mun fi ɗaukar abin a matsayin maganar kuɗi tsakanin mutum biyu. Abin da ba mu cika gani ba shi ne, ranar da ɓoyayyen aibi ya bayyana mai sayarwa ba ya wurin. Wanda ke wurin shi ne ƙaramin gida: yaron shago, amarya, direba, maraya. Shi za a tambaya me ya taɓa, shi kuma da bai san komai ba zai binciki kansa har ya samo laifin da zai amsa.

Ɗan'auta ya daɗe yana kallon kuɗin. Sannan ya rufe shago, ya tare ɗan acaɓa, suka nufi Dabai su biyu.

Sun sami Baba Saje a gindin mangwaro yana gyaran ƙotar fartanya. Ɗan'auta ya durƙusa ya gaishe shi, ya sa farce ya ɓare sitikar a gabansa. Ya faɗi nawa ya saye ta, da yadda ya gasa ta, da cewa ko a ɗaki mai sanyi aka ajiye ta ranarta na zuwa. Ya ce ya riga ya sayi waya da Naira 30,000, ga 20,000 da ta rage.

Dattijon bai taɓa kuɗin ba.

"Maganar kuɗi daban, za mu zo kanta. Jiya a gaban abokansa na kira yaron nan mai hannun ɓarna. Na ce ubansa bai taɓa lalata abin da aka ba shi amana ba. Ka ji abin da ka sa na faɗa wa maraya?" Ya juya ga jikan. "Je ka kira su duka."

Yara kusan goma suka taru. Ɗan'auta ya maimaita komai a tsaye, muryarsa na rawa, wani ƙaramin cikinsu yana tambaya, "To me ya sa ka liƙa?" Bai sami amsa ba. Da ya gama, Baba Saje ya zaro makullin rumfa daga aljihu ya sa a tafin jikansa, ya ce, "Na zalunce ka. Ka yafe mini." Yaron da bai yi kuka ba tun jiya sai a lokacin ya fashe.

Aka rubuta yarjejeniya a bayan littafin makaranta: Naira 5,000 duk mako har kuɗi su cika. Ɗan'auta ya sayar da wayar da hasara. Ya farke na'urar ya sayar da fanka da gidan wuta da ma'ajiyar wasanni ɗaya bayan ɗaya. Da maigidansa ya dawo ya ji labari, bai yi dogon faɗa ba, domin ya san a durowar wa aka samo sitikar. Ya kwashe sauran ya zuba a murhun mai shayi.

Labari ya zaga gari. Samarin tasha suka laƙaba wa Ɗan'auta suna Sitika, aiki ya ja baya a shagon har bayan sallah. Baba Saje ya sayi wata PlayStation 3, siririyar nan da aka fara fitarwa a 2009 wadda ba ta kai ta farko zafi ba, amma a Kontagora ya sayo ta, kuma sai da aka kwance ta a gabansa kafin ya biya. Ranar biyan ƙarshe Ɗan'auta ya kai kuɗin da kansa. Dattijon ya ƙirga sau biyu, ya soke layin ƙarshe a littafin, ya ce, "Ya cika. Ka gaida maigidanka."