Sanin Ƙarshen Labari Aibi Ne?

Tun shekarar 1962 da aka buɗe gidan talabijin a Kaduna, wasan kwaikwayo ya sami mazauni a gidajen Hausawa. Daga baya 'yan wasan Tumbin Giwa na Kano suka fito da Turmin Danya a kaset cikin 1990, sa'an nan a 2014 tashar Arewa24 ta soma aiki, wasanni masu dogon zango suka yawaita. Amma yawan nan ya zo da gunaguni. Masu kallo su kan ce tun kashi na farko sun san inda za a kwana. In samari biyu na neman yarinya ɗaya, mai kuɗin shi ne mugu. In an yi auren dole, za a rabu. In matalauci ya sha wuya, can a ƙarshe sai a gano ashe ɗan wani attajiri ne da ya ɓata tun yana jariri.

To, abin tambaya shi ne, sanin ƙarshen labari aibi ne ga labarin?

Mai karatu ya dubi tatsuniya. Ba yaron da bai san Gizo zai yi wayo ba, amma gobe da dare shi ne zai roƙi kakarsa ta sake masa. Ko da ya ke ba a haɗa zancen Allah da na 'yan Adam, akwai abin lura a ƙissar Annabi Yusufu, tsira da aminci su tabbata a gare shi. Surar tana da aya 111. Tun a aya ta 4 aka faɗi mafarkinsa, sai a aya ta 100 ya tabbata. Duk wanda ya zauna wurin tafsiri ya san labarin rijiya da na kurkuku. Duk da haka, in aka zo inda ya bayyana kansa ga 'yan'uwansa ya yafe musu, sai ka ga dattawa na share hawaye. Watau sanin ƙarshe ba ya rage wa labari daɗi, muddin abin da ke cikinsa gaskiya ne.

Ashe ke nan aibin yana wani wuri dabam. Abin da ke gundurar mai kallo shi ne ya ga an warware matsala ta hanyar da duniya ba ta warware ta. Kishiya ta dami gida, sai a kawo haɗarin mota ya ɗauke ta. Iyaye sun ƙi saurayi don ba shi da kome, sai a sauko masa da gado daga sama. A nan ne ɓarnar ta ke. Yarinyar da ta tashi tana kallon haka za ta ɗauka talaka ba shi da daraja sai in an gano shi mai dukiya ne a ɓoye. Saurayi kuwa zai zaci aure ya ƙare ran ɗaurinsa, alhali ran nan a ke fara cefane, da jinya, da haƙuri da dangi.

Amma fa in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mai shirya wasa ɗan kasuwa ne, abin da a ke saye shi ya ke kasawa. Mutum ya kwana yana ƙorafi, mako ya zagayo ya riga kowa zama gaban akwatin, wa zai zarga? Kowa ya sayi rariya ya san tana zubar da ruwa.

Saboda haka kowa da nasa nauyi. Marubuci ya fita ya dubi zaman mutane a kasuwa, da kotun alƙali, da tsakar gida, ya bar mutanen labarinsa su girbi abin da suka shuka da hannunsu. Mai kallo kuma in ya sami wasan da ya faɗi gaskiya, ya yabe shi, ya gaya wa maƙwabta. In ya tarar da na shirme ya tashi ya kama wani aiki, domin lokacinsa ma amana ne, za a tambaye shi yadda ya ɓatar da shi. Allah ya sa a gane.