Ƙarfin Da Ba Ka Iya Sanyayawa Ba Naka Ba Ne

Wanda ya tara kuɗi don ya ƙara wa kwamfutarsa ta wasa ƙarfi yakan fara da tambaya ɗaya: wane firosesa ne ya fi gudu? Sai bayan ya gama ciniki a zuci, kuɗin sun kusa ƙarewa, yake tuna cewa abin da ya zaɓa yana bukatar abin sanyayawa, ya nemi duk wanda canjinsa ya isa ya saya. A ganina wannan tsari a kife yake, kuma kuskuren ya wuce na lissafin kasuwa. Kuskure ne game da ma'anar mallaka. Ƙarfin da mutum ya mallaka da gaske shi ne wanda zai iya riƙewa ya ɗore a kai, a inda yake zaune, da kayan da ke hannunsa. Abin da ya haura wannan, ko da ya biya kuɗinsa ya karɓi rasit, bai shigo hannunsa ba. Daga nan ne nake ganin tsohuwar tambayar malamai game da israfi take samun amsa a wurin da ba a saba nemanta ba.

A fara da abin da ba a jayayya a kansa. Wutar da firosesa ya ja, kusan dukkanta zafi take komawa. Ba ya ɗaga kaya, ba ya juya taya. Biliyoyin taransistocin da ke cikinsa suna buɗewa suna rufewa, kowace buɗewa da rufewa kuma tana barin ɗan ɗumi. Tun 1961 Rolf Landauer na kamfanin IBM ya nuna cewa shafe bayani, komai ƙanƙantarsa, yana da kuɗin zafin da ba makawa sai an biya, ko da na'urar ta kai ƙarshen inganci. Na'urorinmu suna biyan ninkin ba ninkin wannan ƙaramin haraji. Intel ta rubuta wa Core i9-13900K, wanda ta fitar a Oktoban 2022, wat 125 a aikin yau da kullum da wat 253 idan ya sake jiki, duk a kan ɗan gutsuren silikon da bai fi kan sarki girma ba. Dole zafin nan ya ratsa murfin ƙarfe, ya ratsa man da ake shafawa tsakani, ya shiga bututun jan ƙarfe ko ruwan da famfo ke zagayawa da shi, ya isa siraran faranti ko lagireto, sannan fanka ta kore shi cikin ɗaki. In hanyar ta yi ƙunci, firosesan yakan kai iyakarsa ta digiri 100, ya rage gudu da kansa don kada ya lalace. Mai shi ya biya kuɗin gudun da aka rubuta a kwali, amma abin da yake samu bayan 'yan mintoci na aiki mai nauyi shi ne gudun da abin sanyayawarsa ya yarda da shi.

Akwai kuma abin da kwali ba ya faɗa. Fanka da ruwa ba sa ƙirƙirar sanyi, kwashe zafi kawai suke yi su zuba wa iskar ɗaki, don haka ba za su sauke na'ura ƙasa da zafin iskar da suke shaƙa ba. Masu gwada waɗannan kaya a Amurka da Jamus da Taiwan galibi a ɗaki mai sanyi suke yi, digiri ashirin da 'yan kai. Wanda ke Kano ko Sakkwato ko Yamai a watan Afrilu, lokacin da zafin rana ke haura digiri 40, ya fara wasan da giɓi tun kafin ya taɓa madanni, ƙurar hunturu kuma tana toshe farantan a hankali. Firosesa ɗaya, abin sanyayawa ɗaya, amma ƙarfi biyu mabambanta, saboda wurin zama yana cikin lissafin. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa ƙarfi ba sifa ba ce da ke zaune cikin abu ita kaɗai. Dangantaka ce tsakanin abu da abin da ke ɗauke da shi.

Malaman Musulunci sun daɗe da bambanta abu biyu: kashe dukiya a inda bai dace a kashe ta ba sam, da kashe ta a inda ya dace amma fiye da kima. Na biyun shi ne israfi, kuma shi ya fi wuyar ganewa, domin yana ɓuya a cikin halal. Suratul Furƙan ta yabi bayin da ba sa wuce iyaka wajen ciyarwa kuma ba sa ƙuntatawa, ta ajiye su a tsakani. Mutane da yawa suna fahimtar wannan tsakanin a matsayin tsakiyar farashi: kada ka sayi mafi tsada, kada ka sayi mafi arha. Fahimtar ba ta kai ba. Aristotle ma, da yake bayanin matsakaicin hali, ya yi gargaɗin cewa tsakiyar da ake nufi ba ta lissafi ba ce, tana sauyawa da mutum, har ya kawo misalin abincin da zai yi wa ɗan kokawa kaɗan alhali ya yi wa sabon shiga yawa. Kima dacewa ce. Injiniyan da ke haɗa bidiyo ko tsara gine-gine, yana da ɗaki mai sanyi da wuta tsayayya da lagireto mai fanka uku, bai yi israfi ba don ya sayi firosesa mai cin wat 253, domin yana amfana da kowane wat a aikinsa. Wanda ya sayi irinsa ya ɗora masa ƙaramar fanka a cikin akwatin da iska ba ta ratsawa ya yi israfi, ko da kuɗin ba su dame shi ba, domin ya mallaki abin da ba shi da hanyar amfana da shi. Wanda ya ɗaura wa firosesa mai wat 65 katafaren lagireto mai fitilu kala-kala shi ma ya faɗa ramin, ta ɗaya bakin. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Za a ce: ai wasa ne. Wasan kwamfuta shagala ce, wanda ya damu da addini ya bar ta gaba ɗaya, ba ya zauna yana auna fankarta ba. Ban raina wannan magana ba, domin wasannin suna cinye sa'o'i, wasu kuma an cusa musu sayen akwatin sa'a da kuɗi, abin da ya yi kama da caca har Beljiyam ta hana shi a 2018. Amma malamai ba su taɓa yi wa kowane wasa hukunci ɗaya ba. Saɓaninsu a kan shaɗaranji sananne ne, inda Shafi'awa suka sassauta matuƙar babu caca kuma ba a tozarta salla ba, Malikawa suka tsananta. Wanda ya ɗauki tsanani ya bar wasan, magana ta ƙare gare shi. Wanda ya ɗauki sassauci kuwa bai fita daga hisabi ba. Hadisin da ke cewa za a tambayi mutum inda ya samo dukiyarsa da inda ya kashe ta bai ware kuɗin nishaɗi ba. Hasali ma a nan ne tambayar ta fi kaifi, domin babu larurar da za a fake da ita. Ɗan kasuwa na iya cewa aiki ya tilasta masa. Mai wasa ba shi da hujja sai dacewar abin da ya saya da abin da yake yi da shi.

Sukar da ta fi ƙarfi daga masana na'urar take fitowa. Sukan ce tsoron zafi tsohon yayi ne, firosesan zamani yana kare kansa. AMD ta faɗa ƙarara cewa jerin Ryzen 7000 da ta fitar a 2022 an tsara shi ya hau digiri 95 ya zauna a nan, yana matse duk gudun da sanyayawar ta ba shi dama. Wannan gaskiya ne, kuma mai ganin lambar ya firgita ba tare da dalili ba ya kamata ya kwantar da hankalinsa. Sai dai maganar tana tabbatar da abin da nake faɗa ne. Idan na'ura tana ƙara gudu har sai ta ci karo da bangon zafi, to abin sanyayawa ya zama shi ne mai yanke hukunci a kan gudun, ya tashi daga matsayin kayan rakiya. Kariyar kuma ba ta da garanti a kowane hali. A 2024 Intel ta amsa cewa manyan firosesocinta na zubi na 13 da na 14 suna lalacewa a hankali saboda matsin wuta ya yi yawa tare da zafi, ta ambaci kurakuran umarnin da ke cikinsu, ta kuma ambaci allunan da ake kafa firosesan a kai, waɗanda masu ƙera su suka saki iyakar wuta fiye da abin da ta shawarta. Ta fitar da gyara, ta ƙara shekara biyu a kan garanti, amma wanda ya riga ya lalace gyaran ba ya dawo da shi, sai dai a musanya. An yi ta tura na'ura bakin gaɓa don lambar gwaji ta yi kyau, kuma kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa.

Saura sukar da ta fi jan hankalina, domin ta falsafa ce tsantsa. Mai ita zai ce duk ci gaban ɗan Adam daga ƙin yarda da iyaka ya fito, kuma wa'azin matsakaici sau da yawa rigar kasala ce. Da kowa ya tsaya a abin da zai iya ɗauka, da ba a ƙera komai ba. Tarihin firosesa kansa bai goyi bayan wannan ba. A 1974 Robert Dennard da abokan aikinsa sun nuna cewa idan aka ƙanƙanta taransista aka rage matsin wutarsa tare, zafin da ke fita daga kowane yanki ba ya ƙaruwa. Shekara kusan talatin masana'antar ta ci wannan garaɓasa, gudu yana hauhawa. Da garaɓasar ta ƙare, Intel ta ci gaba da tura Pentium 4 har ya tsaya a gigahaz 3.8, a 2004 ta soke magajinsa mai suna Tejas, ta kuma soke wanda aka yi alkawarin zai kai gigahaz 4. Abin da ya biyo baya bai zo ta ƙara matsawa a kan bango ba. An yarda da bangon, aka raba aiki tsakanin cibiyoyi biyu, sannan huɗu, sannan fiye, kuma Core 2 Duo na 2006 ya kayar da Pentium 4 da gudu ƙasa da nasa da wuta ƙasa da tasa. Haka aka sake gani a Afrilun 2023, lokacin da AMD ta fitar da Ryzen 7 7800X3D mai cibiyoyi 8 da babbar ma'ajiyar kusa ta megabait 96. Lambar gudunsa ba ta kai ta i9 ba, amma a wasanni da dama ya kamo shi ko ya wuce shi, yana jan ƙasa da rabin wutarsa a gwaje-gwaje da yawa, har fanka mai matsakaicin kuɗi tana riƙe shi. Ko masu gasar tura firosesa, waɗanda ake kallo a matsayin masu karya doka, su ne suka fi kowa yi mata biyayya: suna zuba ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifiri, su sami lambarsu ta 'yan daƙiƙu, su sani sarai cewa ba wanda zai yi wasa da yamma a haka.

Dalilin da ya sa matakin ƙarshe na gudu yake da tsada haka a fili yake. Wutar da firosesa ke ci tana ƙaruwa da gudu, tana kuma ƙaruwa da matsin wuta ninki a kan ninki, kuma ba a samun ƙarin gudu a can sama sai an ƙara matsin. Shi ya sa Ryzen 9 7950X, idan aka sauke shi daga tsarin wat 170 zuwa na 105 da AMD ta tanada, yake riƙe mafi yawan aikinsa alhali zafinsa ya faɗi sosai. A nan nake ganin hikimar hadisin da ya fifita aiki mai ɗorewa ko da kaɗan ne. An faɗe shi a kan ibada, ba na kuma jawo shi ya zama hukunci a kan kayan lantarki, amma fahimtar da ke ƙarƙashinsa ɗaya ce: ƙololuwar da ba a iya zama a kanta ba ita ce ma'aunin mai hawa ba. Mai wasa ya san wannan a jikinsa, domin hoto mai tafiya sumul na sa'a biyu ya fi masa daɗi a kan wanda ya fara da gudu sannan ya riƙa sarƙewa da zarar akwatin ya ɗumama.

Wanda ya ce zai sayi babba ne don gobe yana da ɗan gaskiya, tunda wasanni suna ƙara nauyi. Amma tanadi na gaske yakan haɗa da abin da zai riƙe tanadin, kuma a kwamfuta abin sanyayawa mai kyau da akwati mai shan iska da na'urar raba wuta mai inganci su ne suka fi daɗewa. Sukan ga firosesa biyu ko uku sun zo sun wuce. Yawancin wasanni ma katin hoto suke jingina da shi fiye da firosesa, musamman idan allon kallo mai kaifi ne, katin kuma yana zuba nasa zafin cikin akwati ɗaya. Don haka tsarin da ya dace da hankali shi ne a fara da ɗaki: zafinsa a watan da ya fi zafi, wutar da ake samu, ko ta gwamnati ce ko ta inbata da batir, da ƙarar fankar da mutanen gida za su iya jurewa da dare. Daga nan a san wat nawa za a iya kwashewa ba tare da wahala ba, a ware kuɗin abin da zai kwashe su, sannan a duba firosesan da ya fi aiki a cikin wannan adadin.