Ciwon Gaɓoɓi Da Ladubban Neman Shawara Kafin A San Cuta

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki wanda Ya halicci mutum, Ya daidaita gaɓoɓinsa, Ya ƙarfafa ɗaurinsu. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi su da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, da wuya a shiga masallaci, musamman idan hunturu ya kama, a rasa wani dattijo ko magidanci wanda sujada ta zame masa aiki, sai ya dafa ƙasa da hannu biyu kafin ya miƙe zuwa raka'a ta biyu. A cikin gidaje kuwa akwai matan da sukan wayi gari yatsunsu a sandare, har ɗaukar buta ta gagare su. Mafi yawan waɗannan bayin Allah ba su san sunan abin da ke damunsu ba. Da zarar ɗayansu ya yi kuka da ciwonsa, sai shawarwari su taso masa ta ko'ina. Wannan ya ce sanyin ƙashi ne, wancan ya ce maiƙo ne ya taru, wani ya ce amosani ne na gado, wani kuma ya jawo shi gefe ya raɗa masa cewa lalle jifa ne, ko kuwa ya tsallaka wani abin da aka binne. Saboda haka ya kamata a san abin da shari'a ta ɗora wa mai ciwo, da abin da ta ɗora wa mai ba shi shawara, tun daga ranar da ciwon ya fara har zuwa ranar da masani ya faɗi sunansa.

Gaɓa ni'ima ce, kuma amana ce

Imamu Muslim ya ruwaito daga Nana A'isha, Allah Ya yarda da ita, cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ba da labarin an halicci kowane ɗan Adam a kan gaɓoɓi 360. Ya kuma ruwaito daga Abu Zarri cewa kowace gaɓa tana wayar gari da sadaka a kanta, tasbihi da tahlili da umurni da kyakkyawa duk suna biyan wannan bashi, kuma raka'a 2 ta walaha tana isar wa bawa ga dukkansu. Abin da ake bin mutum godiyarsa kowace safiya, ba ƙaramin abu ba ne. Wanda ya ga gwiwar da yake durƙusa wa Ubangijinsa da ita tana kumbura, ya yi biris da ita shekara da shekaru alhali yana da halin nema mata magani, ya yi sakaci da amanar da aka ba shi.

Waɗansu suna zaton zama da ciwo shi ne tawakkali. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito daga Usamatu ɗan Shariku cewa waɗansu Larabawan ƙauye sun tambayi Annabi ko ya halatta su nemi magani, sai ya umurce su da nemansa, ya sanar da su Allah Ya sanya wa kowace cuta magani in ban da tsufa. Malaman ƙasar Hausa sun fahimci haka tun da can. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, duk da nauyin jama'a da ke wuyansa, ya wallafa littattafai da dama a kan cututtuka da magungunansu.

Wa ya cancanta a tambaya?

Allah Ta'ala Ya yi umurni a cikin Suratun Nahli, aya ta 43, da a tambayi ma'abota sani idan ba a sani ba. Kowane fanni yana da mutanensa. Mai son sanin hukuncin taimama ya tafi wurin malami, mai son sanin abin da ya kumbura masa gwiwa ya tafi wurin likita.

Haɗarin shawarar wanda bai sani ba kuwa ya bayyana a cikin hadisin Jabiru wanda Abu Dawuda ya ruwaito. Wani mutum ne dutse ya fasa masa kai a cikin tafiya, sai janaba ta same shi, ya tambayi abokan tafiyarsa ko yana da rangwamen yin taimama. Suka ce ba su ga rangwame gare shi ba tun da ga ruwa. Ya yi wanka, ya rasu. Da labari ya kai wa Annabi sai ya yi fushi ƙwarai, ya ɗora musu alhakin mutuwarsa, ya zarge su da ƙin tambaya a kan abin da ba su sani ba. Waɗannan mutane ba su nufi ɗan'uwansu da sharri ba, amma kyakkyawar niyyarsu ba ta tsirar da ransa ba. A wani hadisin kuma, na Amru ɗan Shu'aibu, an ɗora lamuni a kan wanda ya shiga aikin magani alhali ba a san shi da saninsa ba. To, mai zama a majalisa yana cewa "ai irin ciwon da na yi ne, sha kaza ka warke," ya dubi waɗannan hadisai biyu kafin ya buɗe bakinsa.

Ciwon gaɓa ba iri ɗaya ba ne

Dalilin da ya sa shawarar majalisa take cutarwa shi ne cututtuka masu yawa suna fitowa da fuska ɗaya. Akwai wanda guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwa yake cinyewa saboda shekaru, ko ƙiba, ko tsohon rauni, ko aikin ƙarfi. Wannan ya fi kama gwiwa da ƙugu da yatsu, yana tsananta bayan aiki, yana lafawa da hutu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 528 ne suke fama da shi a 2019. Akwai kuma wanda garkuwar jiki ce da kanta take afka wa gaɓoɓi. Shi ya fi kama mata, yakan fara daga ƙananan gaɓoɓin hannu da ƙafa, dama da hagu gaba ɗaya, kuma sandarewar safiya takan kai awa guda ko fiye. Irin wannan yakan soma ɓata gaɓa tun cikin shekaru 2 na farko, kuma abin da ya karkace ba ya komawa daidai, alhali in an kama shi da wuri akwai magungunan da suke dakatar da ɓarnarsa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Akwai wanda wani gishiri ne yake taruwa a cikin jini ya daskare a gaɓa, ya tashi mutum cikin dare da zafi kamar wuta a babban yatsan ƙafa. Yawan cin jan nama da kayan ciki yana tayar da shi. Larabawa suna kiransa niƙris, kuma shahararren likitan Musulunci Abubakar Arrazi, wanda ya rasu a 925, ya keɓe masa risala guda. Ban da waɗannan, amosanin jini, watau sikila, yana sa ciwon ƙashi mai tsanani, har yakan cinye kan ƙashin ƙugu. Tarin fuka yakan sauka a ƙashin baya. Madarar da ba a tafasa ba tana iya ɗauko wata cuta daga dabbobi mai kawo zazzaɓi da gumin dare da ciwon gaɓoɓi. Yaro kuma wanda ya yi ciwon maƙogwaro, bayan mako 2 ko 3 ciwo ya riƙa yawo daga gaɓa zuwa gaɓa, zuciyarsa ce take cikin haɗari.

Ba mai iya rarrabe waɗannan da ido a bakin kasuwa. Sai an duba mutum, an gwada jininsa, an ɗauki hoton ƙashi, wani lokaci ma a ja ruwan gaɓar a auna. Akwai kuma halin da jira a cikinsa ganganci ne: idan gaɓa ɗaya ta kumbura farat ɗaya, ta yi zafi, ga zazzaɓi, mutum ya kasa taka ƙafa, to a tafi asibiti a ranar, domin ƙwayar cuta tana iya lalata gaɓa cikin 'yan kwanaki.

Abubuwan da mai ciwo zai kiyaya

Na farko, ya kiyayi ɗimuwa a kan ƙwayoyin kashe zafi na kemis, waɗanda akan ƙulla masa huɗu ko biyar a takarda ba suna. Yawan shan irinsu Diclofenac da Ibuprofen yana jawo gyambon ciki da zubar jini da lalacewar ƙoda. Irinsu Dexamethasone kuwa suna ba da sauƙi nan take, amma in an daɗe a kansu suna kumbura fuska, su ta da sukari da hawan jini, su raunana ƙashi, kuma barinsu farat ɗaya haɗari ne sai da jagorar likita. Sauƙin da suke bayarwa yakan ɓoye cutar ta ci gaba da ɓarna a ɓoye.

Na biyu, ya kiyayi tsaga da sakiya a kan gaɓar da ba a san abin da ke cikinta ba, domin aska tana iya shigar da cutar da babu ita a da.

Na uku, kuma mafi girma, ya kiyayi imaninsa. Ciwon da ba a san sunansa ba shi ne ƙofar da boka yake shigowa ta cikinta. Muslim ya ruwaito cewa wanda ya je wurin ɗan duba ya tambaye shi wani abu, ba za a karɓi sallarsa ta kwana 40 ba. Gidaje nawa suka watse saboda an ce kishiya ce ta yi sammu, ko ɗan'uba ne ya yi jifa, alhali gwajin jini kaɗai ya isa ya wanke wanda aka zarga! Ga ciwo bai warke ba, ga zumunci ya yanke, ga alhakin mummunan zato.

Idan ya isa gaban likita, ya faɗi gaskiya duka: yaushe ciwon ya fara, waɗanne gaɓoɓi ya kama, wane lokaci ya fi tsanani, ko akwai mai irinsa a dangi, da dukkan abin da ya sha, na kemis da na gargajiya. Maigida kuma ya sani Allah zai tambaye shi a kan matar da ya ce raki take yi har yatsunta suka karkace.

Ibada a halin jira

Addini bai ɗora wa bawa abin da ba zai iya ba. Buhari ya ruwaito cewa Imrana ɗan Husaini, wanda yake fama da basir, ya tambayi Annabi game da salla, aka umurce shi ya yi ta a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kishingiɗe. Malaman Malikiyya sun bayyana cewa wanda zai iya tsayuwa amma sujada ta gagare shi, ba zai bar tsayuwar farilla ba. Zai tsaya, ya yi ruku'u gwargwadon ikonsa, sa'an nan ya zauna ya yi nuni ga sujada, nunin sujada ya fi na ruku'u sunkuyawa. Wanda ruwan sanyi yake ƙara masa ciwo ya ɗumama shi, in kuwa har yana tsoron ruwan zai ƙara cutar ko ya jinkirta warkewa, to taimama ta halatta a gare shi.

Addu'a kuma tana tafiya tare da magani. Usmanu ɗan Abil Asi ya kai kukan wani ciwo da ya daɗe a jikinsa, sai Annabi ya koya masa ya ɗora hannu a wurin, ya ambaci sunan Allah sau 3, ya nemi tsarin Allah da ikonSa daga sharrin abin da yake ji sau 7. Kada kuma mai ciwo ya yi baƙin cikin nafilolin da suka kuɓuce masa, domin Buhari ya ruwaito daga Abu Musa cewa ana rubuta wa majinyaci ladan abin da ya saba yi lokacin lafiyarsa.

Annabi Ayuba, amincin Allah ya tabbata a gare shi, da cuta ta tsananta masa, ya kai kukansa ga Ubangijinsa, kamar yadda ya zo a Suratul Anbiya'i. Da lokacin waraka ya yi, an umurce shi a Suratu Sadi ya bugi ƙasa da ƙafarsa, ruwa ya ɓuɓɓugo, ya yi wanka ya sha. Allah Mai iko ne Ya warkar da shi ba da ruwa ba, amma Ya sa shi ya riƙi sababi domin ya zama abin koyi ga masu haƙuri.

Allah Ya ba marasa lafiya na gida da na asibiti sauƙi, Ya sa ciwonsu ya zama kankarar zunubi, Ya haɗa su da masana masu tsoronSa, amin. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.